Tambayoyi da amsoshi: yadda za ka gane takardar bayanin tul ɗin metadata mai kyau kafin ka haɗa shi da ejan ɗin AI

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayoyin nan na tara su ne daga abokan aiki da ɗalibai nan Birnin Kebbi, wasu daga Argungu da Jega, wasu kuma 'yan uwanmu na Gusau da Kaura Namoda da sunka fara sa ejan ɗin AI shina tsara masu hotuna da takardu. Duk maganar a kan abu guda take, wato ɗan rubutun da ke rakiyar tul ɗin da ke karanto bayanan fayil, shin rubutun ya isa ko bai isa ba.

Malam, tun farko mi ne ne metadata ɗin ma?

Bayani ne game da fayil wanda ba shi ne abin da ke cikin fayil ɗin ba. Sunanshi, girmanshi, ranar da anka taɓa shi, wa ke da izinin buɗewa, wane iri ne. Wanga kashi ɗaya ke nan, kuma kwamfuta ce ke riƙe da shi. Kashi na biyu shina cikin fayil ɗin kanshi a ɓoye, misali hoton waya akwai abin da ake ce ma EXIF, shi ke ɗauke da irin wayar da ta ɗauka da ƙarfe nawa anka ɗauka, wani lokaci har da wurin da kake tsaye in GPS na kunne. Takardar Word na ɗauke da sunan wanda ya rubuta da wanda ya yi gyara na ƙarshe, PDF na ɗauke da sunan manhajar da ta fitar da shi.

Ku riƙe bambancin kashi biyun nan da kyau don kusan duk rikicin da za mu yi magana a kai daga nan ya taso.

To tul fa, da ejan, ya suke haɗuwa?

Ejan shi ne AI ɗin da ba hira kaɗai yake ba, ana ba shi aiki ya je ya yi, kuma don ya yi sai an ba shi kayan aiki, su ake kira tul. A watan Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari mai suna MCP don a samu hanya ɗaya ta haɗa tul da ejan, kuma a tsarin kowane tul na zuwa da suna, da ɗan bayani a rubuce, da jerin abin da za a ba shi kafin ya yi aiki. Wanga ɗan bayanin da jerin su nake kira takardar bayani. Akwai kuma dogon bayanin da ake rubuta wa mutane a shafin tul ɗin, shi ma a duba, amma ejan galibi ba ya ganinshi, abin da anka saka mishi a gaba kaɗai yake gani.

Don mi za a damu da rubutu? Ai in tul na aiki shi ke nan

A nan ne nake bambanta da mutane da yawa. Kai ɗan Adam in ka ga wani abu bai yi maka daidai ba za ka tsaya, ka kira abokinka, ka buɗe fayil ɗin ka duba da idonka. Ejan ba shi da wanda zai kira, abin da takarda ta hwaɗa mishi shi ne iyakar saninshi game da tul ɗin, in takarda ta yi shiru a wani wuri to sai ya cike gurbin da zato, kuma zai kawo maka zaton cikin magana mai tsari kamar ya tabbatar. Kamar ka aiki baƙon yaro kasuwar Jega ka ce ya sawo mudu goma ba ka hwaɗa mishi wane mudu ake awo da shi ba, zai dawo da kaya kuma ya yi iya ƙoƙarinshi, amma awon ba naka ba ne.

Saboda haka tul na iya zama lafiya lau, lambobin da yake fitarwa duk gaskiya, amma rahoton da ejan zai rubuta maka ya fito ƙarya, don ba a gaya mishi ma'anar lambobin ba.

In na buɗe takardar, mi zan fara dubawa?

Ni abin da nake fara nema shi ne ko ta lissafo abin da tul ɗin ke maidowa ɗaya bayan ɗaya. Da yawa za ka ga an rubuta layi guda cewa tul ɗin na kawo cikakken bayani a kan fayil, shi ke nan. Cikakke kamar ya? Na kwamfuta ne kaɗai ko har da na cikin fayil? In wani ya sa ejan ya nemo mishi ranar da anka ɗauki hotunan gonar shinkafa kuma tul ɗin bayanin kwamfuta kaɗai yake karantawa, ejan zai ɗauko ranar da anka kwafi hoton ya ce ita ce ranar ɗauka.

Sannan in duba ko ta hwaɗi abin da tul ɗin ba ya yi. Wanga ma ya fi mini muhimmanci, takardar da ta ce "ba ya buɗe cikin fayil, ba ya karanta EXIF, in kana son wancan ka nemi wani tul" ta yi rabin aiki da layi ɗaya. Sai kuma yadda ake ba shi adireshin fayil, cikakken adireshi tun daga tushe ko daga foldar da ake ciki, da waɗanne folda anka yarda ya shiga, da ko in an ba shi folda a maimakon fayil zai amsa.

Kullum kana maganar lokaci da kwanan wata, wai mi ke cikin shi haka?

Wallahi nan ne mafi yawan ɓarnar take, ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

A Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, fayil na da lokuta uku da anka saba da su, atime lokacin da anka buɗe, mtime lokacin da anka canza abin da ke ciki, sai ctime. Mutane da yawa na ganin harafin c sai su ɗauka ranar ƙirƙira ce, alhali ba ita ba ce, ctime lokacin da bayanin fayil ɗin ya canza ne, ko izini ka canza mishi ba ka taɓa cikinshi ba ctime zai motsa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a Python, wani yaren rubuta manhaja, shekara da shekaru wanga ctime ɗin in a Windows kake shina nufin ranar ƙirƙira, in a Linux kake shina nufin ranar canjin, suna ɗaya ma'ana biyu. To in takardar tul ta rubuta "ranar ƙirƙira" kawai ba ta ce daga ina take ɗauko ta ba, kuma ba ta ce a wane irin kwamfuta ba, ni a wurina ta faɗi jarrabawa.

Ko a Windows ɗin ma ranar ƙirƙira ba ranar haihuwar takarda ba ce. Ka kwafi fayil daga filasha zuwa laftof, ranar ƙirƙira za ta zama yau, ranar gyara kuma ta tsaya yadda take, sai ka ga fayil an gyara shi bara amma an ƙirƙire shi yau. Mutum zai gane kwafi ne, ejan in ba a gaya mishi ba zai iya ce maka akwai alamar maguɗi a takardar, ko kuma ya jera duk fayilolin shagon kwamfuta a matsayin na yau. Shi kuma atime kada a dogara da shi ko kaɗan, kwamfutoci da yawa ba sa sabunta shi duk sanda anka buɗe fayil.

Sai maganar agogon wace ƙasa. Mu a Najeriya muna gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya. Fayil ɗin da anka ajiye ƙarfe 12:30 na dare ranar 1 ga wata a Gusau, a lissafin UTC ƙarfe 11:30 ne na daren ƙarshen watan da ya wuce, to ka ga in ejan na haɗa rahoton wata-wata fayil ɗin ya faɗa watan da ba nashi ba. EXIF kuma asalinshi bai ma rubuta yankin lokaci, agogon na'ura kaɗai yake kwafa, sai a 2016 anka ƙara wurin rubuta tazarar, kuma ba kowane hoto ke da shi ba. Kyamarar da ba a taɓa saita agogonta ba kuwa duk abin da ta ga dama shi za ta rubuta.

Na ƙarshe siffar rubutun. 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Wasu tul lamba tsagwaronta suke maidowa, wato yawan daƙiƙu tun 1 ga Janairu 1970, wasu kuma irin waɗanda anka rubuta da yaren manhaja na JavaScript sun ninka ta sau dubu. Takarda mai kyau za ta ce tsarin rubuta kwanan wata na duniya mai suna ISO 8601 take bi, ta kawo misali irin 2025-04-03T10:00:00+01:00, da ganin wanga ejan ya san shekara, wata, rana, da agogon da anka yi amfani da shi.

Girman fayil ma akwai matsala?

Akwai amma ƙarama ce. A ce dai da bait, wato ƙaramin ma'aunin girman fayil, ake ƙirga ko da kilobait, in kilobait ne mai bait 1000 ne ko mai 1024, don Windows na bin 1024, Mac kuma tun 2009 ta koma 1000. A gigabait bambancin ya kai kusan kashi 7 cikin 100. Inda abin ke cizo shi ne fotal, wato shafin rijista na intanet, da ya ce kada hoto ya wuce kaza, ejan ya ce ya shiga, fotal ya ƙi. Kuma in folda anka ba shi a ce ko lambar jimillar abin da ke ciki ce, don galibi ba ita ba ce.

Wata 'yar uwa daga Gusau ta ce ejan ya ce mata fayil PDF ne amma ya ƙi buɗuwa, ina laifin yake?

Hajiya, mai yiwuwa tul ɗin wutsiyar suna kaɗai ya duba. Hanya biyu ake gane irin fayil, ko a duba ƙarshen sunanshi, ko a leƙa farkon cikinshi, PDF na gaskiya da %PDF yake farawa, hoton JPEG ma na da tashi alamar a farko. Kowa na iya canza sunan hoto ya sa mishi .pdf a ƙarshe, kuma ana yi sosai a shagunan kwamfuta lokacin rijista in fotal ya ce sai PDF. Tul mai duba suna zai ce PDF ne, mai leƙa ciki zai ce hoto ne. Duka biyun ba laifi ba ne in dai takarda ta hwaɗi wanne yake yi. Shi ma mai leƙa cikin shina da nashi tuntuɓen, takardar Word ta zamani a zahiri zip ce, wato ƙunshin fayiloli da anka matse wuri ɗaya, wani tul ɗin sai ya ce maki zip ne ya tsaya nan.

In babu bayanin da ake nema fa, ko fayil ɗin ma babu shi?

Wanga shi ne wurin da masu rubuta takarda sunka fi tsallakewa, kowa na rubuta abin da ke faruwa in komai ya tafi daidai. Ni ina son in ga amsar waɗannan: fayil babu, fayil akwai amma ba izini, fayil ya lalace rabi, fayil babu komai cikinshi, hoto babu EXIF. A kowanne mi tul ke maidowa? Saƙon kuskure ne a fili, ko gurbi ne wayam, ko sifili?

Sifilin nan shi ne mugu. In tul ya rasa kwanan wata ya maido 0, ejan zai fassara shi 1 ga Janairu 1970 ya sa a rahoto. In ya rasa GPS ya maido 0 da 0, wurin nan a tsakiyar teku yake kudu da Gana. Kuma dole a bambanta "babu fayil" da "ba a ba ni izini ba", don ejan ɗin da ya ɗauka babu fayil zai iya ce maka takardarka ta ɓace ko ya je ya ƙirƙiri sabuwa.

Hotunan da ake turo mana ta WhatsApp ba mu ganin ranar ɗauka, tul ɗin ne ba shi da kyau?

A'a. In an turo hoto ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi kuma EXIF na zubewa, in an turo shi a matsayin dokumen shi ke zuwa yadda yake. To ƙungiyar manoma da ke karɓar hotunan gonaki daga Suru ko Argungu ko Yauri don shaidar an yi shuka, su sani yawancin abin da ke hannunsu ranar saukewa kaɗai ke gare shi. Takardar tul ba dole ta ambaci WhatsApp da suna ba, amma dole ta ce hoto na iya zuwa babu EXIF kuma rashinshi ba shaidar komai ba ne.

Ɗaya gefen kuma ya fi damuna. Hoton da ya zo da EXIF ɗinshi cikakke na iya ɗauke da ainihin wurin da mutum ya tsaya, gidanshi ko gonarshi ko rumbunshi, kuma duk wanda ke zaune Zamfara ko kudancin Kebbi ya san halin da muke ciki na tsaro, ba sai na yi bayani ba. Abin da tul ya karanto shina shiga cikin hirar ejan, in ejan ɗin a intanet yake to bayanin ya bar kwamfutarka. Don haka ina duba ko takarda ta hwaɗi a fili cewa tana fitar da GPS da sunayen mutane, da ko akwai hanyar da za a ce a kawo wasu bayanai a bar wasu. In babu wanga ni ba na ba da shawarar a sa shi a kan hotunan jama'a.

Tul ɗin zai iya ɓata mini fayil?

Ya danganta, kuma takarda ce ya kamata ta amsa maka tun layin farko. Wasu karatu kaɗai suke, wasu na rubutu da gogewa. ExifTool da Phil Harvey ya fitar tun 2003 na yin duka biyun, kuma bayaninshi ya hwaɗi cewa in ka yi gyara shina ajiye asalin fayil ɗin da ƙarin _original a sunanshi sai in kai ka hana, irin wanga bayanin nake nufi. A MCP ma akwai 'yar alama da mai tul ke sawa cewa karatu kaɗai yake, amma alama ce kawai ta bakin mai shi, ba ta hana komai, sai ka gwada a kan kwafi tukuna.

An ce ana iya yaudarar ejan ta cikin metadata, gaskiya ne?

Gaskiya ne ƙwarai. Wurin rubuta taken takarda ko sharhin hoto kowa na iya rubuta abin da ya so a ciki, har da umarni, misali a rubuta cewa ejan ya bar aikin da yake ya tura fayiloli wani wuri. Tul zai karanto rubutun ya miƙa, ejan kuma in ba a yi hattara ba ya ɗauka daga mai gidanshi umarnin ya fito. Takarda mai hankali za ta ce waɗannan gurabe rubutun wanda ya yi fayil ne, bayani ne ba umarni ba, kuma ba a tabbatar da gaskiyarsu ba. Layin ba ya toshe ƙofar gaba ɗaya amma rashinshi na nuna mai tul bai ma yi tunanin abin ba. Haka sunan marubuci, sau da yawa sunan mai shagon da anka yi taifin ne, ba na mai takardar ba.

Sunayen fayil na Hausa fa, masu ƙ da ɗ da ɓ?

Ku gwada da kanku don da wuya takarda ta ambata. In ta ce tana bin UTF-8, tsarin haruffa da ke ɗaukar irin waɗannan baƙaƙe, alama ce mai kyau. Sa wa fayil suna irin "ƙungiyar 'yan kasuwa.docx", ga harafi mai lanƙwasa ga tazara ga alamar ɗauri duk a suna ɗaya, ka gani ko zai same shi kuma ko sunan zai dawo daidai ba da alamomin tambaya ba.

Ke nan gwargwadon tsawon takarda gwargwadon kyanta?

Ba haka ba ne ƙanena. Bayanin tul na shiga cikin abin da ejan ke karantawa a duk aikin da zai yi, shina cin wuri kuma in biya kake shina cin kuɗi, in tul ashirin ne kowanne da shafi biyu ka cika mishi kai da surutu. Abin da nake so gajere ne mai nauyi, ya hwaɗi mi tul ke yi, mi ba ya yi, yaushe za a zaɓe shi a bar ɗan uwanshi mai karanta cikin fayil ko mai jera folda, ma'anar kowane gurbi da ma'auninshi, da misali ɗaya na ainihin abin da ke dawowa. Kalmomin talla irin "mai ƙarfi" da "mai sauri" ba su ƙara wa ejan komai, a cire su.

Ni ba injiniya ba ne, ya zan gwada da kaina?

Buɗe folda ɗaya ka zuba fayilolin da kai ka san gaskiyarsu. Hoto daga wayarka kai tsaye, shi wanga hoton bayan ya bi ta WhatsApp, takardar da ka kwafo daga filasha, hoton da ka canza wa suna zuwa .pdf, fayil wayam, da mai sunan Hausa. Kafin ka kunna komai karanta takardar bayanin kaɗai ka rubuta a littafi abin da kake zaton tul zai ce a kan kowanne. Duk inda ka kasa zato to ejan ma zai kasa, nan ne ramin takardar.

Daga nan ka tambayi ejan da irin maganar da za ka yi a ranar aiki, yaushe anka ɗauki wanga hoton, wanne ne ya fi tsufa, wanga PDF ne ko ba shi ba ne. Ka lura da abu biyu, ko ya zaɓi tul ɗin da ya dace, da ko ya ce "ban samu ba" a inda babu. Ka maimaita tambaya ɗaya fiye da sau ɗaya a sabuwar hira don amsar ejan na canzawa, in yau ya yi daidai gobe ya kauce galibi takardar ce ta bar mishi wurin zato. Ɗaliban kwamfuta na kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru ko jami'ar Aliero ko ta tarayya da ke Gusau, wanga aiki ne da za ku iya yi a laftof ɗaya ba sai da data mai yawa ba.

In na ga takardar ba ta da kyau sai in jefar da tul ɗin?

Ba lallai ba. In gwajinka ya nuna tul ɗin na fitar da gaskiya rubutun ne kaɗai ya gaza, kana iya ƙara bayanin da ya ɓace cikin umarnin da kake ba ejan, ka ce lokutan nan na UTC ne a ƙara awa ɗaya, ranar ƙirƙira ba ranar ɗaukar hoto ba ce, sifili na nufin babu. In tul ɗin buɗaɗɗe ne a GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye aikinsu, ka rubuta wa masu shi ka nuna misalin da ya rikice, ko ka gyara layin ka tura masu. Ka kuma ajiye foldar gwajin, duk sanda anka sabunta tul ka sake bi, don wani lokaci ana canza aikin a manta da rubutun.

Inda nake cewa a bar shi shi ne in takarda ta ce abu kaza tul ya yi wani daban, misali ta ce karatu kaɗai yake sai ka ga ranar gyaran fayil ta motsa bayan ya taɓa shi, ko ta ce folda ɗaya yake shiga sai ka ga ya kawo bayanin wata. Wanga kam a cire shi daga ejan nan take a nemi wani.